Gahawar Ɗakin Baba

Wanda bai taɓa shiga ɗakin ɗanɗano ba, in ya tsaya a bakin ƙofa ya ji ƙarar da ke fitowa, zai rantse mutanen ciki ba su samu tarbiyya ba. Manya ne da hankalinsu, sanye da fararen riguna, suna zagaya dogon tebur da cokali a hannu. Su ɗebi gahawa su zuƙe ta da ƙarfi, fuuut, su juya ta a baki, su tofar a gwangwani. Aikin Auta ke nan. Da shi take ci da shi take sha, kuma duk buhun da manoman ƙungiya suka kawo babban sito, ba ya shiga kwantena ya hau jirgin ruwa sai bakinta ya yarda.

Su biyu ne a aikin, ita da ubangidanta, wani dattijo da kowa ke kira Malam Cokali saboda cokalin da ba ya rabuwa da aljihun gabansa. An ce har gidan suna da shi yake zuwa. A ranar da abin ya faru mura ta kama Malam Cokali ram, hanci ya toshe, ido ya yi ja. Da an ba shi ruwan wanki a kofi, da ya ce ya yi daɗi amma da sauran suya.

"Yau ke ce hancina," ya ce mata, ya zauna kan kujera yana fyace majina. "Abin da kika ce, shi na ce."

Samfurin kowane manomi ba ya zuwa da suna, lamba kawai ake ɗaura masa, don kada mai ɗanɗano ya ga na ɗan'uwansa harshensa ya yi laushi. Ana soya ƙwayar kaɗan, a niƙa, a zuba a kofuna, a kwarara tafasasshen ruwa. Garin sai ya taso ya yi ɓawo a sama. Mai ɗanɗano ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa kofin, ya fasa ɓawon da bayan cokali, ya shaƙi abin da ya fito. Auta ta bi layin tana fasawa tana shaƙa, hankalinta rabi a kan aikin rabi a kan takalminta da ke matsa mata yatsa. Ta kusa ƙarshen tebur ta fasa wani ɓawon, sai ta tsaya cak.

Man zafi ne. A ƙarƙashin ƙanshin gahawar, siriri, kamar mutum ya yi magana a ɗakin maƙwabta. Ba kowane man zafi ba, koren nan mai shiga ido, wanda Baba yake shafawa a gwiwa da ƙugu da wuya, safe da yamma, tun kafin a haife ta.

Ta miƙe. Ta sake sunkuyawa. Ta ɗebi cokali ta zuƙa, ta riƙe a baki har ya huce. Yana nan. Sanyi-sanyin nan ya hau bayan harshenta ya zauna.

Baba ya rasu ne bishiyoyin gahawar gonarsa na cikin fure. Ya ga gonar ta yi fari tas, ya ce bana za a sha aiki, bai ga jar ƙwaya ko ɗaya ba. Ana gama zaman makoki Yaya, babban wansu da ke birni, ya ce Inna ta haɗa kayanta. Gonar tana kan gangaren tudu, Inna ta tsufa, ga wani mai kiwon kaji da ke son filin, zai tumɓuke bishiyoyin ya kafa rumfuna. Inna ta ce ƙememe ba inda za ta. Aka ja, aka ja, har aka tsaya a kan magana ɗaya: a bar ta ta yi kakar bana ita kaɗai. In gahawarta ta wuce ɗakin ɗanɗano kamar yadda ta Baba ke wucewa kowace shekara, Yaya ya ja bakinsa ya yi shiru har abada. In aka dawo da ita, Inna ta bi shi birni. Da bakinta ta faɗa, a gaban kowa, kuma Inna ba ta haɗiye magana.

"Lafiya?" in ji Malam Cokali. "Kin tsaya a kan wannan kamar kin ga kunama a ciki."

"Ina so in sake soya shi ranar Litinin. Kamar wutar ta yi masa yawa."

Ƙarya ce, suyar ba ta da laifin komai. Malam Cokali ya taso da ƙyar, ya zaro cokalinsa, ya zuƙa, ya tofar.

"Ni dai ruwan zafi na ji," ya ce. "Ajiye shi."

Ta ajiye shi gefe, ta ƙarasa sauran kofunan ba ta san me ta ɗanɗana ba.

Abin da mutanen birni masu shan gahawa a kofin takarda ba su sani ba shi ne, ɗanyar ƙwayar nan makwaɗaiciya ce. Duk warin da ya kwana kusa da ita sai ta sha shi, kuma in ta sha ba ta amayarwa. Kalanzir, albasa, sabulu, hayaƙin shara, ba ta zaɓe. Mafi muni, ba ta riƙe abinta ita kaɗai. A kulle buhu ɗaya mai wari da sauran buhuna a kwantena, jirgi ya yi makonni a kan teku cikin zafi, kafin a isa ƙasar masu saye duk sun ɗauka. Can wani mai cokali zai sunkuya ya shaƙa, ya ce a mayar. Abin da za a mayar kuwa guminsu ne duka, manoman da suka yi shekara suna hawa tudu suna sauka.

Auta ta san wannan tun tana rarrafe, don Baba ne ya koya mata. Mutum ne da kan yafe maka in ka fasa masa tulu, amma ka ratsa ta ƙofar sitonsa da albasa a hannu, ranar za ka ji sunan kakanka. Shi kansa bai ɗaga wa kansa ƙafa ba. In zai shiga sito sai ya yi wanka ya sauya riga, ya shiga yana ɗingishi da gwiwa ba mai, ya gama ya fito sannan ya shafa abinsa. To ta yaya man zafinsa ya shiga gahawa bayan shi yana ƙasa?

Asabar da safe ta hau motar ƙauye. Hanyar ta yi ta nannaɗe tudu, mota na nishi, fasinjoji na gyangyaɗi. Ita dai tana ta roƙon Allah ya sa hancinta ne ya yi mata ƙarya. Duniya cike take da tsofaffi masu ciwon gwiwa, ai ba Baba kaɗai ba ne. Ta faɗa wa kanta haka har ta kusa yarda.

Ta tarar da Inna a tsakar gida tana kankare gadajen shanya, waɗanda ake baza ƙwaya a kai ta sha rana. Ta rame. Hannuwanta sun yi baƙi sun tsattsage, irin na wanda ya tsinki 'ya'yan gahawa da kansa tun daga farkon kaka har ƙarshe. Amma fuskarta a sake take, rabon da Auta ta gan ta haka tun kafin rasuwar.

"Auta! Ke ce ba sanarwa? Ko an kore ki ne, sun gaji da tofe-tofenki?"

"Kewarki ce ta kawo ni, Inna."

"Kewa ko yunwa. Shigo."

Inna ba ta tambayi samfurin ba. Ta san doka, ta san 'yarta ba ta ganin suna. Amma bakinta ya kasa zama. Tana ɗora ruwa tana ba da labari: yadda ta hana masu tsinka cire ɗanye, sai ja kaɗai, yadda ta tsince ƙwayar da hannu, ta fitar da baƙa da mai huji, yadda maƙwabcinsu ya zo ya ɗebi tafi ɗaya ya duba, ya ce ko mai gidan yana nan iyakar abin da zai yi ke nan.

"Yayanki ya bugo shekaranjiya," ta ce. "Wai ya sa an yi wa ɗakina fenti. Na ce ya zuba kajinsa a ciki."

Auta ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce bari ta leƙa sito ta ga buhunan.

Sito a buɗe yake, wayam. Ƙasa ta jiƙe ta yi kore a kusurwa, katakon da ake jera buhuna a kai ya kumbura. Ta ɗaga kai ta ga rana tana leƙowa ta kwanon rufi, wuri uku ko huɗu. Inna ta biyo ta ta tsaya a bayanta.

"Iskar nan ta ƙarshen damina ce ta ɗaga kwanon. Ruwa ya dinga zuba kamar da bakin ƙwarya. Na ce ban sha wahalar nan don ruwa ya cinye ba."

"Me ya sa ba ki faɗa ba? Ai da an turo mai gyara."

"In faɗa wa wa? Yayanki? Ya samu abin da yake nema, ya ce kun gani, ko rufi ta kasa riƙewa? Ke kuma in na gaya miki, kafin la'asar ya ji. Na san ku." Ta gyara ɗaurin zaninta, da alfahari a muryarta. "Ni da masu tsinka muka kwashe su tas. Ko ɗigo bai taɓa su ba. Zo ki gani."

Ta wuce gaba, ta ciro mabuɗi daga bakin zani, ta nufi ɗakin Baba.

Tun ranar da aka fitar da shi ba a sake barin ɗakin a buɗe ba. Inna ta tura ƙofar, warin ya fito ya tari Auta a fuska har idonta ya kawo ruwa. Buhunan suna jere tsaf, an ɗora su har kusa da silin, ɗinkinsu duk ya kalli gefe ɗaya yadda Baba ke so. Taga a rufe, an cusa tsumma a ƙasanta don kada danshi ya shigo. Rigunansa na rataye a ƙusa. A bango kuma an jingine katifarsa don a samu wuri, buhuna sun danne ta, katifar da ta yi shekara da shekaru tana shan man zafi har tsakiyarta ta yi duhu.

"Kin gani?" in ji Inna. "Ɗakin da ya fi kowanne bushewa a gidan nan."

Gaskiyarta ne, a bushe yake ƙayau. Auta ta dafa buhu ɗaya. Tausayi ya kama ta, da haushi, da wani abu mai kama da kunya, kamar ita ce ta yi laifin. Matar nan ta yi komai daidai. Ta tsinka daidai, ta shanya daidai, ta tsere wa ruwa. Abu ɗaya ne ya ci ta, shi ma ba sakaci ba ne.

"Inna, ba ki jin komai a ɗakin nan?"

"Kamar me?"

"Wari."

Inna ta ɗaga hanci ta shaƙa, ta sake shaƙa, da gaske take yi. "Buhu nake ji. Sai ɗan ƙura. Ɓera ne ya mutu?"

"Man zafin Baba."

"Wane man zafi? Ai kwalbar na ba maƙwabciya tun tuni."

"Ba kwalbar ba. Katifar. Rigunan. Bangon ma. Inna, ɗakin nan gaba ɗaya shi ne."

Sai a lokacin Auta ta gane. Wanda ya kwana ya tashi cikin wari ɗaya tun yana amarya har ya yi furfura, hancinsa ya daɗe da daina kawo masa labarinsa. A wurin Inna, wannan ba wari ba ne. Iska ce kawai, irin wadda ake shaƙa a gida.

Inna ta dubi katifar, ta dubi buhunan. Matar manomin gahawa ce, ba ta buƙatar a yi mata bayani. Auta na kallo fuskar nan da ta sake ta koma ta tsuke.

"Ya shiga?"

"Ya shiga."

"Kin ɗanɗana ke nan."

"Jiya. Ban san naki ba ne sai da na ji shi."

"In aka baza su a rana fa? Kwana biyu, uku, sati?"

"Kin san ba ya fita, Inna."

Ta sani. Ta zauna a bakin gadon da babu katifa, ta ɗora hannuwanta a cinya. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Shi dattijon naku me ya ce?"

"Mura yake yi. Bai ji komai ba."

"Ke kaɗai kika ji."

"Ni kaɗai."

Ba wanda ya faɗi abin, amma yana nan tsakaninsu, kowa na ganinsa. Ranar Litinin Auta za ta iya cewa ta sake soyawa, lafiya lau. Malam Cokali zai gyaɗa kai. Buhunan su shiga kwantena, Yaya ya yi shiru, Inna ta tsufa a gonarta. Tun a mota Auta take juya wannan, ta ma shirya yadda za ta faɗa. Sai dai ta san su waye sauran buhunan kwantenar. Maƙwabcin nan da ya yaba ƙwayar Inna yana ciki. Matan nan masu tsinka da suka taya ta kwashe kaya cikin ruwa, su ma 'yan gonakinsu na ciki. Kuma in aka mayar da kaya daga ƙetare, masu saye ba sa tambayar buhun wa ne, sunan ƙungiyar suke gogewa.

"Ba zan iya ba, Inna," in ji Auta.

"Na ce ki yi ne?" Inna ta ɗago a fusace. "Kin ji na roƙe ki? Ni zan sa ki zuba wa mutane ƙasa a ido? Da ubanki zai tashi ya ji, da ni da ke duk sai ya kore mu daga gidan nan."

Faɗan bai yi nisa ba, don babu ƙarfi a bayansa. Ta koma murza yatsunta da suka tsage. Auta ta durƙusa a gabanta tana cewa za ta yi wa Yaya magana, kwano ne ya jawo, ba laifin kowa ba ne, a ƙara mata shekara ɗaya. Inna ta girgiza kai.

"Ban ce in kwano bai yi yoyo ba. Cewa na yi in ta wuce. Ba ta wuce ba."

Ta tashi ta kwance bakin wani buhu, ta cika tafinta da ƙwayar, koriya-koriya mai tsabta, ba ko tsakuwa. Ta kai hanci. Ta daɗe a haka.

"Kin ce yana ciki?"

"Yana ciki."

"To soya mini. Yadda kuke yi a wurin aikinku. Tunda ya ci mini gona, ai sai in ji shi."

Auta ta ɗora kasko a murhu. Ba injin suya a nan, da cokalin katako ta dinga juyawa har ƙwayar ta fara ƙara tana fashewa, ta yi ruwan ƙasa. Ta daka a turmi, ta zuba a kofi biyu, ta kwarara ruwa. Suka zauna a tabarma a tsakar gida, rana ta karkata, inuwar gadajen shanya ta miƙe har ƙafafunsu. Ta nuna wa Inna yadda za ta sunkuya, yadda za ta fasa ɓawon da bayan cokali.

Inna ta sunkuya ta fasa. Tururi ya bugi fuskarta. Ta rufe ido ta ja numfashi har ƙirjinta ya ɗaga. Auta daga inda take zaune tana jin sa sarai, kamar Baba ya ratsa ta bayansu zai shiga ɗaki.

Inna ta buɗe ido. Ta ɗebi cokali ta kurɓa. Ta sake. Ta ajiye cokalin ta ɗauki kofin da hannu biyu ta sha, garin na maƙale mata a leɓe, ta riƙe a baki tana jira.

"Ɗaci kawai," ta ce a hankali. "Ni ɗaci kawai nake ji."

Hawaye ne ke zubo wa Auta, ba ta share ba.

"A ina yake?" in ji Inna. "Farko ko ƙarshe?"

"Ƙarshe. Bayan kin haɗiye. Wani sanyi-sanyi a bayan harshe."

Inna ta haɗiye, ta jira. Ta sake kurɓa ta haɗiye, ta jira. Har kofin ya ƙare, sai baƙin gari a gindi. Ta leƙa cikinsa, ta kife shi a kan tabarma. Daga nan ta juya tana kallon gangaren, inda bishiyoyin suka yi layi-layi har ƙasa, an tsinke su tas, ganye kawai.

"Ki kira yayanki," ta ce. "Ki ce ya zo da babbar mota, ba wannan ƙaramar tasa ba. Da katifar zan tafi. Ku masu hanci sai ku yi haƙuri."